Furen da ba ya son a taɓa shi: muhawara kan sabon balsam na dajin tsauni

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya da dare, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware min. Ina bibiyar labarin wani furen daji da ake kira balsam, masana kuma suna ce masa Impatiens. Da wuya shekara ta fita ba a ji an gano sabon nau'insa a dazuzzukan kan tsaunuka ba. A 2021 an bayyana guda uku a tashi ɗaya daga jihar Kerala ta kudancin Indiya. A 2023 aka ƙara wani daga maƙwabciyarta Tamil Nadu, a gandun dajin Kalakkad Mundanthurai, aka raɗa masa suna Impatiens karuppusamyi. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na farko, a zamanin da tauraron ɗan'adam ke leƙa kowane kwari, ta yaya fure mai launi zai ɓuya wa masana har yanzu, a ƙasar da ke da mutum fiye da biliyan ɗaya? Na biyu, me ya sa kusan duk wanda aka gano sai a ce yana dab da ƙarewa? Jiya aka san shi, yau ana shirin zaman makokinsa.

Baffa Tsoho:
Wa'alaikumus salam. Kafin a yi nisa, wannan balsam ɗin ba garafuni ba ne? Don na taɓa ganin kalma mai kama da wannan a jikin sunansa na boko.

Malamar Tsirrai:
Baffa, idonka bai yi ƙarya ba, amma tsiron daban ne. Garafuni shi ne Momordica balsamina, ɗan dangin kabewa da duma, mai yaɗo. Wanda Mai Lambu ke magana a kai ɗan tsiro ne mai taushin jiki, karansa cike da ruwa, idan ka ɗaga shi a rana har kana iya ganin haske ta cikinsa. Yana son inuwa da danshi, gefen rafi, jikin dutsen da ruwa ke tsattsafowa. Nau'o'insa sun haura 1,000 a duniya, yawancinsu a tsaunukan Afirka, Madagaska, Indiya, Himalaya da kudu maso gabashin Asiya.

Sunan Impatiens kuwa Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ne ya sa masa a 1753. Da Latin ma'anarsa marar haƙuri. Dalili shi ne kwanson 'ya'yansa. Idan ya nuna, ɓangarorinsa biyar suna cika da ruwa su yi tauri kamar baka da aka ɗame. Da ka ɗora yatsa sai ya fashe, ɓangarorin su nannaɗe, irin ya yi tsalle. Akwai ma na Turai da sunansa ke nufin kada ka taɓa ni.

Baffa Tsoho:
To, ashe akwai tsiron da ya fi ni gajen haƙuri. Ci gaba, 'yata.

Malamar Tsirrai:
Tambayarka ta farko, Mai Lambu. Tauraron ɗan'adam saman bishiyoyi yake gani. Wannan abin a ƙarƙashinsu yake, wani tsayinsa bai fi tafin hannu ba. Sannan ka dubi lokacin da yake fure. A tsaunukan Ghats na Yamma, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 1,600 a gefen yammacin Indiya, ruwan damina mai ƙarfi yana sauka daga Yuni zuwa Satumba, kuma a cikin ruwan nan ne ko a ƙarshensa yawancinsu ke fure. Wato daidai lokacin da hanya ta yanke, dutse ya yi santsi, hazo ya rufe, matsattsaku suka fito. Wasu daga cikinsu suna da tushe mai kumburi a ƙarƙashin gansakuka. Makonni kaɗan za su fito su yi fure su watsa iri, sai ganyen ya narke, tushen ya kwanta barci sai wata damina. Masanin da ya bi ta wurin da rani dutse kawai zai gani, ya rubuta a littafinsa cewa babu komai.

Ɗan Tsauni:
Malama ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Lokacin da nake ɗalibi mun shiga wani dajin tsauni aikin tattara samfuri. A gefen wani ɗan magangarin ruwa na ga balsam, furensa ruwan hoda, da ɗan ƙaho lanƙwasasshe a bayansa, raɓa na ɗiga daga bakinsa. Na tsinko, na shimfiɗa a tsakanin takardun jarida, na danne da katako na ɗaure, kamar yadda aka koya mana da sauran tsirrai. Ina ta murna. Kafin mu sauko ƙasa na lura wanda na riƙo a hannu ya yi yaushi kamar an dafa shi, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba. Bayan kwana uku na buɗe jaridar. Wallahi ba fure a wurin, sai wani tabo ruwan ƙasa da ya manne da takarda, siriri kamar fatar albasa. Na sa ɗan tsinke zan ɗaga, ya yage gida uku. Malamin da ke kula da mu ya dube ni ya ce, ina hoton? Ina wanda ka sa a kwalba? Ban yi ko ɗaya ba.

Daga baya na koyi yadda ake yi. Tun a wurin za ka rarraba furen gaɓa gaɓa, ka manna kowace a kan kati, ka rubuta launinsa kafin ya gushe, ka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, wasu kuma ka jefa su cikin kwalbar sinadarin da ke hana ruɓewa. In ba haka ba ka yi wahalar banza.

Ɗalibar Daji:
Yaya Ɗan Tsauni, ka ba ni dariya, amma kuma ka ba ni tsoro, don ni ma wannan aikin ne a gabana. Ashe ke nan tsofaffin samfurorin da ke ajiye da yawa ba za su karantu ba?

Malamar Tsirrai:
Nan ne gizo ke saƙar, ƙanwata. Abin da ke raba nau'i da nau'i a balsam yawanci a fure yake: siffar ƙahon, tsayinsa, yadda fukafukan gefe suka haɗu, ɗigon launin da ke maƙogwaronsa. Su ne kuma abubuwan da ke fara lalacewa idan an busar. Joseph Hooker, wanda ya shugabanci lambun Kew na Ingila daga 1865 zuwa 1885, a kan balsam ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe, yana jiƙa busassun furanni yana buɗe su a hankali, har ya rasu a 1911 yana da shekara 94. Shi ne ya bayyana Impatiens psittacina a 1901, wanda furensa in ka kalle shi ta gefe sai ka rantse aku ne yake tashi. Mutumin da ya rubuta tsirran Indiya kaf, wannan gidan ne ya ba shi wuya.

Saboda haka kalmar "sabo" tana da fuska biyu. Wani lokaci ba wanda ya taɓa tsinko shi. Wani lokaci kuma an tsinko shi shekara ɗari da suka wuce, yana kwance a durowa da sunan wani ɗan'uwansa, sai da aka gan shi da rai aka gane ba shi ba ne. Wani bincike da aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin tsirrai masu fure da ba a sa wa suna ba tukuna, an riga an tattaro su, suna ma'adanar busassun tsirrai suna jiran mai dubawa.

Injiniya:
Ni fa ina da ja a kan kalmar "ganowa" ɗin nan gaba ɗaya. Akwai mutanen da ke zaune a gindin tsaunukan nan tun kaka da kakanni, suna ɗiban zuma, suna bin hanyoyin dajin. Ana nufin ba su taɓa ganin furen ba sai da wani ya zo da kyamara da Latin? Gano wa aka yi? Sannan, a gafarce ni Malama, ba neman ƙarin girma a jami'a ba ne ke sa wasu su ga ɗan bambancin launi su ce sabon nau'i?

Malamar Tsirrai:
Injiniya, ba sai ka nemi gafara ba, maganarka ta farko gaskiya ce. Abin da ya faru shi ne an shigar da shi rajistar kimiyya, ba wai ranar ya sauko duniya ba. Mu ne ke son kalmar mai ƙara.

Ta biyun ma akwai ƙamshin gaskiya. Ana samun masu gaggawar raba nau'i, daga baya wani ya zo ya duba ya mayar da sunan ƙarƙashin tsohon. Amma ba a bar abin sakaka ba. Dole ka ajiye samfurin asali a ma'adana inda kowa zai iya zuwa ya duba, dole ka rubuta siffarsa da abin da ya raba shi da makusantansa, ka buga a inda za a gani. Da can da Latin kawai ake karɓar bayanin, daga farkon 2012 aka yarda da Turanci ma, aka kuma yarda da bugu ta intanet. Yanzu ana duba ƙwayar garin furen da fatar irin a madubin ƙara girma, wasu su haɗa da gwajin ƙwayoyin halitta. Wanda ya yi ƙarya, samfurinsa na nan zai tona shi ko bayan ransa.

Mai Lambu:
Na gamsu da ta farko. Saura ta biyu, kuma yanzu ma ta ƙara rikita ni. Tsiron da ke harba irinsa da kansa, ai shi ya kamata ya cika daji. Me ya sa zai maƙale a gangare ɗaya?

Hajiya Mai Furanni:
Tambayar da ke bakina ke nan. Ni ina da irin na tukunya, ja da fari, kuma har a tukwanen maƙwabtansa nake ganin 'ya'yansa sun tsiro. Ban ga alamar mai ƙarewa ba.

Ɗan Tsauni:
Hajiya, tsallen yana da ban sha'awa amma gajere ne. Wanda ya fi suna a harbi, balsam ɗin Himalaya, mita bakwai ake cewa yana kaiwa. To mita bakwai me za ta yi a gaban kwarin da faɗinsa ya kai kilomita ashirin? Irin ba shi da fukafukin da iska za ta ɗauka, ba shi da zaƙin da zai sa tsuntsu ya haɗiye ya kai wani tsauni. In ya faɗa rafi, ƙasa ruwan zai yi da shi, wajen zafi, inda ba zai rayu ba. Duk hawan mita dubu zafi na raguwa da kusan digiri shida. Ga wannan tsiron, kan tsauni tsibiri ne, kwarin da ke ƙasa kuwa teku ne.

Ku ɗauki dazuzzukan da ake kira shola a can kudancin Indiya. Ƙananan kurmi ne da ke lafe a cikin lungunan tsauni, ciyawa ta kewaye su ta ko'ina. Kowane lungu da nasa danshi, da nasa inuwa. Dangi ɗaya ya rabu gida biyu, wannan a nan, wancan a can, ba aure tsakaninsu shekaru dubbai, sai kowa ya kama gabansa. Shi ya sa Ghats na Yamma kaɗai ke da nau'i fiye da ɗari, yawancinsu babu su a ko'ina a duniya. Madagaska na da fiye da ɗari biyu. Kilimanjaro na da nasa, Impatiens kilimanjari, ja da rawaya, da ƙaho kamar haurar giwa ta lanƙwashe. Abin da ya haife su da yawa shi ne ya sa kowane ɗaya ya zama kaɗan.

Ɗalibar Daji:
Yaya, hauren giwa ko hancinta? Ni a hoton da na gani hanci ya fi kama.

Ɗan Tsauni:
Hancin nake nufi, ƙanwata, yatsa ne ya riga tunani. Na karɓi gyara.

Malamar Tsirrai:
In ƙara a kan na Ɗan Tsauni, ƙahon nan ba ado ba ne. A cikinsa ruwan zaƙi yake, kuma tsayinsa da lanƙwasarsa su ne ke zaɓen baƙon da zai sha. Mai gajeren ƙaho da faɗin baki na ƙudan zuma ne. Mai siririn dogon ƙaho na malam-buɗe-littafi ne. Jajaye masu kaurin jiki kuwa sau da yawa na tsuntsu ne. A tsaunukan Kamaru akwai Impatiens sakeriana, wanda ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure, sha-kauci, ke yi wa barbara, har an ga yana tsayawa cik a iska yana sha, abin da aka daɗe ana ɗauka na tsuntsayen nahiyar Amurka ne kawai. Furen kuma yana da dabara. Sassansa na namiji, masu gari, sun haɗe sun zama 'yar hula a kan sashen mace. Baƙo ya zo ya kwashi gari a goshinsa ko bayansa, sai bayan hular ta faɗi sannan macen ke karɓar garin da aka kawo daga wani fure. Idan baƙon da fure ya dogara da shi ya bar dajin, an gama da shi ko ba a sare ko reshe ɗaya ba.

Akwai ma waɗanda a kan rassan bishiya suke zama cikin gansakuka, kamar Impatiens parasitica na Indiya. Sunan ya zalunce shi, don ba ya tsotson bishiyar kamar yadda kauci ke yi, wurin zama kawai ya ara. Amma ranar da aka kayar da bishiyar, shi ma ya tafi.

Baffa Tsoho:
Duk na ji. Amma ku bar ni in yi tambayar tsofaffi. Ana cinsa? Yana magani? In babu ko ɗaya, a kan me za a hana talaka noma gangarensa saboda furen da ko awa ɗaya ba ya yi a hannu?

Hajiya Mai Furanni:
Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ai ba komai ake auna shi da ciki ba. Amma in amfanin kuɗi kake nema, wanda ke tukunyata ma daga daji aka ɗauko kakansa. Impatiens walleriana ne, asalinsa gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Mozambik. Ya zama ɗaya daga cikin furannin da aka fi sayarwa a Turai da Amurka don shukawa a inuwa. Sai a 2011 wata cutar fumfuna ta faɗa masa a Birtaniya da Amurka, ganye ya zube, kara ya ruɓe, masu gonakin fure suka tafka asara. Wa ya cike gurbin? Ɗan'uwansa na tsibirin Niyu Gini, Impatiens hawkeri, wanda cutar ba ta kayar da shi. Shi ma daga dajin tsauni aka kawo shi. Wanda ya fara ganinsa a gefen rafi zai iya cewa, kamar yadda ka ce, me wannan zai yi?

Ɗalibar Daji:
Kuma akwai na rini, Baffa. Impatiens balsamina yana ɗauke da sinadari iri ɗaya da wanda ke sa ganyen lalle ya kama fata, a Koriya da shi ake rina farce. A Habasha kuma akwai Impatiens tinctoria, da tushensa ake rina tafin hannu da ƙafa.

Injiniya:
Ku tsaya, kada ku yi wa Baffa taron dangi, don tambayarsa ba a amsa ta ba. Misali biyu ko uku a cikin dubu ba su ne za su ciyar da mai gona ba. A can Indiya ɗin an yi wannan rigimar a fili. Kwamitin gwamnati ƙarƙashin masanin muhalli Madhav Gadgil a 2011 ya ba da shawarar a ɗauki Ghats na Yamma gaba ɗaya a matsayin yanki mai buƙatar kariya, mataki mataki. Manoma da gwamnatocin jihohi suka ce ba su san zance ba. Aka kafa na Kasturirangan, a 2013 ya rage zuwa kusan kashi 37 cikin ɗari, shi ma aka yi masa zanga-zanga. Mutanen nan ba mugaye ba ne, a wurin aka haife su. Kuma manyan gonakin ganyen shayi da bishiyar turare da suka cinye ciyayin tsaunin tun zamanin Turawan mulki aka kafa su, ba ƙaramin manomi ne ya kawo su ba. In za a ɗora wa wani nauyi, a fara da mai babbar gona da mai fasa dutse.

Malamar Tsirrai:
A nan ba mu da saɓani, Injiniya. Kuma ni ba na son hujjar nan ta "wataƙila zai yi maganin ciwon daji wata rana", don yawancinsu ba za su yi ba, kuma bai kamata mu yi wa mutane alkawarin da ba namu ba. Abin da zan ce ya fi wannan ƙanƙanta. Balsam ba ya jure bushewa a lokacin da yake da ganye. Inda ka gan shi, ƙasar wurin tana riƙe da ruwa, inuwa ba ta yage ba. Ranar da ya ɓace daga gefen rafi, a duba rafin. Mai gonar da ke ƙasa daga wannan rafin yake sha.

Sunan kuwa ga amfaninsa. Ba a iya sa abin da ba shi da suna a jerin masu fuskantar barazana. Ma'aunin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya ce idan manyan da suka kai haihuwa ba su kai 50 ba, nau'in ya shiga mataki mafi haɗari kafin ƙarewa. To wa zai ƙirga abin da a takarda babu shi? Idan aka zo fasa hanya ko haƙa dutse, takardar binciken muhalli abin da ke da suna kawai take lissafawa. Rahoton Kew na 2023 ya ce uku cikin huɗu na tsirran da ba a sa wa suna ba tukuna, akwai yiwuwar sun riga sun shiga haɗari. Wannan ita ce amsar Mai Lambu ta biyu ta wani gefen: masu yawa da yaɗuwa an daɗe da sanin su. Waɗanda suka rage a gano su ne na lungu, shi ya sa kusan duk sabo yake zuwa da takardar asibiti a hannu.

Mai Lambu:
Takardar asibiti! Malama kin gama da ni. To ga wata. Biyu daga cikin ukun nan na 2021 sunayen 'yan siyasa aka sa musu. Impatiens achudanandanii don V. S. Achuthanandan, wanda ya yi babban ministan Kerala daga 2006 zuwa 2011, da Impatiens shailajae don K. K. Shailaja, tsohuwar ministar lafiya ta jihar. Na ukun, Impatiens danii, shi ne aka sa wa sunan masanin tsirrai, Mathew Dan. Wannan ba fadanci ba ne?

Injiniya:
Fadanci ne mana, ko da lauje cikin naɗi.

Ɗan Tsauni:
Ni ban ɗauke shi da zafi haka ba. Shi Achuthanandan an san shi da tsayawa kan kare dajin Mathikettan, ba haka kawai aka ɗauko shi ba. Kuma a faɗi gaskiya, da sunan wani dutse aka sa wa furen, jaridu nawa ne za su ɗauki labarin? Da kai kanka Mai Lambu ba ka ji ba. Inda matsalar take shi ne suna ba ya goguwa cikin sauƙi. Akwai wani ƙwaro makaho a kogunan dutse na Sulobeniya da aka sa wa sunan Hitler a shekarun 1930, har yau da shi yake yawo, masu tara kayan tarihin mutumin kuma suna farautarsa saboda sunan. A ɓangaren tsirrai sai a taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a 2024 aka kaɗa ƙuri'a aka sauya wata kalmar cin mutuncin baƙar fata da ke jikin sunayen nau'i fiye da ɗari biyu. Ka ga ɗan siyasar da ake yabo yau, ba ka san abin da gobe za ta ce a kansa ba, furen kuwa yana nan ɗauke da shi.

Hajiya Mai Furanni:
Ni abin da ke damuna daban ne, kuma da irina nake. Mu masu son fure ba mu da kunya in mun ga abin da babu a tukunyar kowa. Idan aka buga hoto da sunan gangaren, ba a nuna wa ɓarawo ƙofa ba?

Malamar Tsirrai:
Ana yin hattara da wannan, Hajiya. Bishiyar Wollemi da aka gano a 1994 kusa da Sidni a Ostireliya, har yau ba a bayyana wa jama'a ainihin kwarin da take ba. Masu bayyana sabon nau'i da yawa sukan faɗi yanki su ɓoye ainihin wurin. Indiya kuma tana da dokar 2002 kan albarkatun halittu, ba a fitar da samfuri ƙasar waje sai da izini. Balsam ɗin tsauni yana da wata kariya ta kansa: in ka sauko da shi, yawanci mutuwa yake yi kafin ka samu mai saye.

Amma ɗauke tsiro daga gidansa yana da wani haɗarin ta ɗaya gefen. Balsam ɗin Himalaya da Ɗan Tsauni ya ambata, a 1839 aka kai shi Ingila don ado. Ya tsallake katanga, ya bi gaɓar koguna, ya fi mutum tsayi, ya danne tsirran wurin. Da sanyi ya mutu ya bar gaɓar tsirara ruwa ya ci. Yanzu doka ta hana shuka shi a daji, masu aikin sa kai na fita tumɓuke shi duk bazara, a 2014 har wata fumfuna aka kawo daga can gidansa aka saki don ta rage masa ƙarfi. Gida ɗaya, wani ana roƙon Allah ya bar shi, wani ana biyan kuɗi a kashe shi.

Baffa Tsoho:
To ni dai har yanzu ina tare da mai gona. Amma maganar rafin nan ta shige ni, zan kwana da ita. Injiniya, kai ma kada ka yi saurin cewa mun yi nasara.

Injiniya:
Ban ce ba, Baffa. Ina jiran wanda zai gaya min wa zai biya mai gonar in an ce ya bar gangaren. Har yanzu ba wanda ya taɓo wannan.

Ɗalibar Daji:
Yaya Ɗan Tsauni, don Allah katin da ka ce ana manna furen a kai, da gam ake yi ko dannewa kawai?

Ɗan Tsauni:
Ki shimfiɗa gaɓoɓin a kan takarda mai laushi marar sheƙi, ki rufe da wata, kada ki sake buɗewa sai sun bushe. Jaridar waje kawai za ki riƙa canzawa, safe da yamma, don ruwan jikinsa yawa gare shi. Ki yi hoton kafin ki tsinka, ba bayan ba. Kuma ki sa safa mai kauri ki cusa ƙafar wando a ciki, matsattsaku ba sa sallama.

Hajiya Mai Furanni:
Jama'a, na kasa haƙuri, na fita na duba tukwanena. Shekara nawa ina shayar da abin nan ban taɓa lura da kwanson ba. Na samu wani kore mai ƙiba, ya yi sheƙi kamar zai tsage. Ko matsawa ban yi ba, shafa shi kawai na yi, sai ji na yi tas, wani abu ya buge min gilashin ido. Abin da ya rage a hannuna ya nannaɗe kamar tsutsa. Na tsinci iri huɗu a kan zanena, sauran ban san inda suka nufa ba. Malama, waɗannan huɗun in binne su?

Malamar Tsirrai:
Kada ki binne, Hajiya, irin wannan nau'in yana son haske kafin ya tsiro. Ki ɗora su a kan ƙasa mai danshi, ki ɗan danna da yatsa, ki rufe bakin tukunyar da farar leda, ki ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Ki ba shi kamar mako biyu. Kuma kada ki yi mamaki in launin 'ya'yan bai zo daidai da na uwar ba.